Wayar da na zaɓa da ilimina

Wata uku da karɓar takardar yaƙi da jahilci, na shiga kasuwar Jega sayen waya ina taƙama. Na ɗauki wata gwanjo mai faɗi kamar faranti. Mai shago ya ce, "Hajiya, wagga kamfaninta ya bar sabunta ta. Ga ƙarama, shekaru za a yi ana kula da ita."

Na juya kwali, na karanta sunan da ƙarfi, harafi-harafi. Na ce, "Ɗan nan, mai karatu kaka yi wa wayo?" Na biya kuɗin babbar, na tafi da abata.

A Maiyama na tara matan ƙungiyarmu ta masu albasa, na ce daga yau saƙon dillalin Aliero ta wayata zai riƙa shigowa.

Ranar da ya aiko cewa mota na tafe, manhajar saƙo ta ƙi buɗewa. Ta rubuto wayar ta tsufa, kuma wallahi na karanta ba gargada. Mota ta iske ba mu ɗaure buhu ko ɗaya ba, ta wuce. Albasar mata goma ta fara tsiro a rumfa.

Har yau in na shiga taro, shugabarmu Inna Kulu sai ta ce, "Malama, duba muna farantinki. Mota ta taso?"