Barewar Ciyaman

Daga gadar Tamburawa har ka dangana da Bunkure, da za a tara masu ilimin intanet a ja sahu, ni ne liman. Haka nake faɗa a majalisa, haka nake faɗa a gona, har a wajen zaman makoki na taɓa faɗa (da murya ƙasa-ƙasa dai). To ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar kakar tumatir ba, ranar da limancin nan ya warware a gaban mamu.

Ni ne ciyaman ɗin rabon ruwa na layin kanal ɗinmu a nan wajen Kura. Kowane manomi da ranarsa ta ban ruwa, kuma ni na kafa dokar da ake tsoro: duk wanda ya fasa madatsar maƙwabcinsa ya ja ruwa ba ranarsa ba, za a miƙa masa shebur ya yashe kanal tun daga ƙofar ruwa har kwalbati. In ina yanke hukuncin nan har tsayuwa nake yi. "Ruwan wani haramun ne, ko da cokali guda ne!" Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Wata rana na shiga birni na sayo akwatin waifai. Mai shagon yana ta yi min bayani, ni kuma ina ta yi masa bayanin yadda tauraron ɗan'adam yake shawagi (a rediyo na ji, rabi). Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne: "In ka je gida ka kunna akwatin, ka danna alamar nan mai kama da mafici a wayarka." Ya ƙara wata magana a kan wasu lambobi da ke ƙasan akwatin, amma lokacin ina tsakiyar sararin samaniya.

Na dawo gida, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidana, na jingina da katangar maƙwabcina kamar kullum. Na kunna akwati, na danna mafici. Nan take! Ko ƙiftawar ido ban gama ba. A wajen na raɗa mata suna Barewa.

Ba zan faɗi sunan kamfanoni ba, ba na son lauya ya zo Kura nemana. Amma mu uku ne masu irin akwatin nan a ƙungiyarmu ta manoman tumatir. Akwai na Alhaji Ado, taubashina, wanda ba ya iya ganina ya yi shiru; nasa na sa masa Hawainiya. Akwai kuma na maƙwabcin nan nawa, Malam Bitrus, mutumin Filato mai sayar da iri da maganin feshi, shekararsa goma sha da ɗoriya a tare da mu, kuma a tsawon shekarun nan ban jin ya yi maganar da ta kai tawa ta yini guda. Nasa na sa masa Jaki.

Wata uku ina cikin daula. Kullum bayan la'asar majalisa ta cika a ƙofar gidana, a kewaye wayata ana kallon dambe. Har mai shayi ya matso da teburinsa.

Sai ga maganar Madam. Wata babbar 'yar kasuwar kayan gwari ce a Legas, ta ce ta gaji da jin "ja ne jawur, mai ƙwari ne" a baki, tirela ta iso ta tarar da miya. Daga yanzu sai ta ga tumatir da idonta ta kiran bidiyo, a cikin kwando, a bakin gona, kafin ta turo mota. A rumfarmu ta bakin gona kuwa, sabis ɗin waya sai ka hau kwalbati ka ɗaga ƙafa ɗaya kafin ka ji murya, balle hoto. Ƙungiya ta ce a sayi akwati. To na wane kamfani? Wa za a tambaya? Ai kun sani.

Na miƙe a taro, na gyara hula, na ce: "Jama'a, abu uku ake dubawa: gudu, kuɗi da riƙon amana. Wajen gudu, Barewa ba ta da na biyu. Kafin ɗan dambe ya kai naushi, ni na riga na ga wanda ya faɗi. Hawainiya kuwa, Alhaji Ado ya tura hoton jikarsa ranar suna, sai da ta fara rarrafe hoton ya isa."

"Ƙarya kake, Injiniya," in ji Alhaji Ado. "Zama ta fara."

"Wajen kuɗi," na ci gaba, "gaskiya Barewa ta fi su tsada, duk wata sai ta ci kuɗin kwando biyu na lokacin da tumatir ke da daraja. Amma ba ta ƙarewa! Duk ƙarshen wata in na je sabuntawa, mai POS ya duba ya ce, 'Ciyaman, datarka ko taɓa ta ba a yi ba.' In ce masa albarka ke nan, ɗan nan, ba kowa ake ba ita ba."

Sai na juya kan Jaki, na ce mai shi ya ba da shaida da bakinsa.

Malam Bitrus ya sosa ƙeya. "Da dai lafiya lau yake, wata guda cur yake kai ni. Amma 'yan watannin nan, kwana goma data ta ƙare. Bayan la'asar kuma sai ya riƙa jan ƙafa. Har yarana na tara na yi musu faɗa, suka ce ba su ba ne."

"Ba su ba ne mana!" na daka tsawa. "Kamfanin ne ɓarayi! Tsotse ka suke yi kamar kaska. Maƙwabci, in ni ne kai, yau ɗin nan zan wurga shi a kanal."

(A kan riƙon amana akwai abin da na ɓoye wa taro. Wasu ranakun Barewa takan kwanta rabin yini, ba ta motsi. Takan farfaɗo ne daidai lokacin da na ji ƙarar babur ɗin Malam Bitrus ya dawo daga wajen mai POS. Ni dai na ɗauka hutawa take yi, ai ko barewar daji tana shan inuwa.)

Aka tsayar da magana: ranar Talata za a kira Madam da Barewa, in ta yi kyau a sayi irinta.

Ranar Talata tun da sanyin safiya aka tsinke tumatir, kwando ɗari huɗu, jere a gaban rumfa, an lulluɓe da ciyawa. Madam ta ce tirelolinta biyu suna kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. In sha ɗaya ta yi ba ta ga kayanmu ba, za ta ce direbobi su loda na wasu. Wanda ya san tumatir ya san ba ya jiran kowa. In ya yini a rana ya kwana a kwando, gobe sai dai a yanka a shanya, a sayar da asara. Cikin kwandunan nan akwai gumin mutum ashirin da wani abu.

Ni kuwa na zo da babbar riga. Babbar riga, a gona! Barewa na naɗe a cikin sabon tawul. Na ɗora ta a kan benci, na ce kowa ya ja baya kada numfashinsa ya tare mata iska. Na kunna, fitilunta suka kama. Na danna mafici.

Shiru.

Na sake dannawa. Na kashe na kunna. Na goge wayar a hannun riga. Na ɗaga akwatin sama da kaina, na juya gabas, na juya yamma. Na hau kwalbati da shi, iska ta cika min riga, na zama kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar shinkafa.

"Injiniya," Alhaji Ado ya ɗaga murya, "ko a kawo mata dusa?"

"Baƙunta take yi," na ce. "Ba ta saba da wajen ba."

Sakataren ƙungiya ya miƙo hannu zai duba, na buge hannun. Goma da rabi ta wuce. Dariya ta fara janyewa daga fuskokin mutane. Wani dattijo ya ɗaga ciyawa ya latsa tumatir ɗaya da yatsa, ya dube ni, ya mayar da ciyawar. Wallahi gara ya zage ni. Gumin da na yi a wajen nan, da an tare shi da ya shayar da fangali uku.

Hawainiya tana can gidan Alhaji Ado a Bunkure, ta yi nisa. Ban ma lura da tashin Malam Bitrus ba, sai ƙarar babur ɗinsa na ji. Sha ɗaya saura kwata ya dawo da Jaki a cikin leda. Ya ajiye shi a gefen Barewa, tsoho, duk ya koɗe, an ɗaure murfin batirinsa da roba.

Ko a nan bakina bai mutu ba. "In Barewa ta gaza," na ce, "me jaki zai yi?"

Malam Bitrus ya kunna, ya ce, "Ciyaman, kawo wayarka in sa maka lambar sirri, tunda lambar Madam tana ciki."

Bai rufe baki ba wayata ta ɗauki kuka a hannuna. Ƙiring! Ƙiring! Ƙiring! Saƙonni suka riƙa zubowa kamar an buɗe ƙofar ruwa.

"Allahu Akbar!" na yi tsalle. "Ta farka! Ban gaya muku ba? Barewa ta farka!"

Alhaji Ado ya sunkuya ya ɗago Barewa. Ashe garin girgiza ta na kashe ta, ko fitila ɗaya babu. Ya karɓi wayata, ya ɗora tabarau, ya karanta abin da ke ƙarƙashin maficin da irin muryar da ake sanar da ɗaurin aure: "An haɗa da... Gidan Bitrus."

Malam Bitrus ya ce a hankali, "Ai ban sa lambar ba tukuna."

Sai abin ya faɗo min. Bara, da sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, ta shiga gonata, na shiga gidansa da ganye a hannu, ya karɓi wayata ya sa lambar sirrinsa don mu tura hoto ga malamin gona. Ni na manta, waya ba ta manta ba. Tun ranar da na danna mafici a jikin katangarsa, ita gidan da ta sani ta koma.

"Taubashi," in ji Alhaji Ado, "lambar taka akwatin fa, ka taɓa sa ta?"

"Wace lamba?"

Ya kifa Barewa. Ga lambobin nan a ƙasa, ko ledar da ke kansu ba a ɓare ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku dariyar da aka yi ba. Balbelun da ke bakin kanal sai da suka tashi. Dattijon nan mai latsa tumatir ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Wani ya ce, "Ashe damben Bitrus muke kallo!" Wani ya ce a je a ba yaransa haƙuri. Ni dai ina tsaye cikin babbar riga ina roƙon ƙasa ta tsage, ita kuma ƙasar Kura ta sha ruwa ta ƙoshi, ta ƙi.

Malam Bitrus ne ya ce, "Jama'a, lokaci." Aka kira Madam. Jakin nan da na ce a wurga a kanal ya ɗauki hoto tar, ko tuntuɓe bai yi ba. Aka bi da ita kwando-kwando, ta sa aka zazzage guda uku ta ga na ƙasa, aka fasa ɗaya ta ga cikinsa. Ta ce a turo motoci. Kafin ta kashe ta tambaya, wane ne wancan mai babbar riga da ke ɓuya a bayan rumfa? Alhaji Ado ya ce injiniyanmu ne.

Ana lodi sakatare ya kunna Barewa ya sa lambarta a wayata, karo na farko a rayuwarta. Ta kama, ba a ce ba ta kama ba. Hoton wani mutum guda ɗaya muka ce ta buɗe. Har aka ɗaure tirela ta biyu tana kan goshin mutumin.

Abin da na koya bai da yawa: in ka ga gonarka ta yi shar alhali ba ka taɓa buɗe ƙofar ruwanka ba, kafin ka ce albarka, leƙa ta maƙwabci ka ga ko tana bushewa.

Bayan la'asar (ranar majalisa ba ta zauna ba, mai shayi ma ya mayar da teburinsa inda yake) na ɗauki kwandon tumatir mafi kyau na yi sallama a ƙofar Malam Bitrus. Na tsara jawabi mai tsawo, da aya da karin magana. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi kwandon, ya yi godiya. Sai ya shiga ciki ya fito da shebur.

"Ni na yafe, Ciyaman, maƙwabci ai ɗan'uwa ne," ya ce. "Amma doka taka ce. Wanda ya ja ruwan wani kwana ɗaya, daga ƙofa zuwa kwalbati. Kai wata uku ka yi. Mun auna da Alhaji Ado, yasarka ta kai har dam ɗin Tiga."