Gobarar da ta gyara mana titi

Jiya da hantsi ina kan kujerar mai aski, an kwashe rabin kai, sai wayata ta yi ƙara. Goggona ce.

"Ɗan nan, kana da rai?"

"Da alama, Goggo. Aski ake mini."

"To tashi ka gudu, layinku na ci da wuta. Na gani a waya."

Na leƙa waje. Ba abin da ke ci sai akuyar maƙwabci, ita ma kwali ta samu.

Goggo ta turo hoton. Wani mai kiran kansa Ɗan Ƙasa Mai Kishi ne ya saka shi a intanet, ɗaruruwan masu kishi suka yaɗa, dukkansu da kalmomi iri ɗaya kamar 'yan amshi. Makon jiya aka buɗe shafukansu, kuma masana sun ce daga bayan teku ake kaɗa musu ganga. Ga hayaƙi, ga mutane na gudu, ga sunan layinmu a ƙasa. Wai mutanen ƙarshen layi ne suka cinna wa na farkon layi.

Mai aski ya karɓi wayar ya ƙura ido.

"Malam, ai wannan ba layinmu ba ne. Dubi kwalta sumul. Ga fitilar titi har tana ci da rana. Ina ramin da ya haɗiye babur ɗin mai gyaran rediyo?"

Muna cikin dariya sai ga tela daga ƙarshen layi, ya zo jin ko da gaske shi ya ƙona mu. Da ya ga ba a yi asara ba, ya bi layin aski.

To ku sani, tun gashina na baƙi ake mana alkawarin gyaran titin nan, kuma a watan nan aka ce masu awon titi za su zo. Wannan fatan muke ta lallaɓawa kamar ƙwai.

Da yamma Yallaɓai Mai Girma Babban Mai Ƙaryata Ƙarya, Allah ya ƙara masa motoci, ya tara 'yan jarida a otal. Ya ce babu wuta, sharrin maƙiya ne daga waje. Muka tafa a gaban talabijin. Sai ya ɗaga hoton ya gyara murya.

"Amma ku duba da kyau. Ko maƙiyi bai iya ɓoye aikinmu ba. Kun ga titi?"

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Wutar ƙarya ce, kwaltar gaskiya ce, kuma hoto ɗaya ne. Ni da na yi jami'a ban taɓa cin karo da hikima irin wannan ba. Masu awo kuwa an ce su huta, ai ba a auna abin da aka gama.

Saboda haka ina roƙon 'yan kishin bayan teku: in za ku sake ƙona mu, ku yi wa Allah ku sa ramuka a hoton.

Goggo ta sake kira yau. Ta ce tunda titinmu ya yi kyau haka, tana nan tafe ziyara. Na ce maraba, amma ta bari damina ta wuce.