Masuntan Kan Tudu

Wata ranar kasuwar Yankara a farkon daminar nan, maƙwabcina Malam Barau ya tafi karɓo taki, ya dawo da ragar kamun kifi a kafaɗa.

Jama'a, Barau manomi ne ɗan manomi. Ko rafi ya kawo ruwa iya gwiwa, zama yake a gindin bishiya sai ya janye. Matarsa Larai ta dubi ragar, ta dube shi, ta ce, "Malam, wannan za a barbaɗa wa masarar?"

Ga yadda abin ya samo asali. Kuɗin mai sun yi wa manyanmu yawa bana, har suka rasa inda za su zuba su, sai suka ce buhun taki ba zai ƙara fita ba sai sunan mutum ya shiga kwamfuta. Mai Girma Gwanin Yanke Ƙyalle ya zo da jiniya ya buɗe ofishin rajista, aka ci kaji, aka watse.

Washegarin dawowarsa da raga na raka Barau ofishin. Muka tarar da Zailani, malamin da ke shigar da sunaye, yana fifita da fayil.

Barau ya ce, "Ɗana, mi na yi maka ka maida ni masunci?"

Zailani ya ce, "Wallahi Baba manomi na zaɓa. Ku matso ku gani."

Muka matsa. Akwai wani ɗan akwati na sana'a, in an taɓa shi sai jerin sana'o'i ya zubo ƙasa. Ya zaɓi manomi, muna kallo. Sai ya murza 'yar tayar da ke bayan linzamin kwamfutar don ya gangara ƙasan shafi. Shafi bai motsa ba, manomi ne ya zame, masunci ya hau kujerarsa. Ashe a jerin Turanci maƙwabtan juna ne, injiniya a sama, manomi a tsakiya, masunci a ƙasa. Haka aka yi wa mutanen Sheme, haka aka yi wa na Damari. Lissafin gwamnati yanzu ya nuna mun fi mutanen bakin teku kama kifi.

Na ce, "To, gyara mashi mana."

Ya ce, "Malam, in an adana, sai da kalmar sirri. Tana wurin ɗan kwangilar da ya kawo kwamfutar, shi kuma ya tafi ƙasar waje duba lafiyarsa."

A nan dole in yaba wa manya, don ba su yi barci ba. Rankai-daɗe Uban Kwamitoci ya kafa kwamiti har biyu, kowanne da otal ɗinsa. Na farko ya fito da umarni mai hikima: daga yau, kowa ya faɗi sana'arsa, a zaɓi wadda ke samanta, in an murza taya sai ta faɗo daidai. Na biyu, wanda bai san da zaman na farko ba, ya ba da kwangilar sababbin linzamai marasa taya. Umarni da linzamai mota ɗaya ta kawo su.

Barau ya sake bin layi, cikin rana, da azumin nafila a bakinsa. Zailani ya bi umarni sau da ƙafa. Jiya sakamako ya fito: Injiniya Barau. An ba shi hular kwano mai ruwan ɗorawa, irin launin da ganyen masararsa ya koma saboda yunwa.

Da yamma na same shi a bakin gona, ya yi tagumi. Ya ce, "Ni dai buhu guda nika so. Damina ba ta san kwamiti ba." Na buɗe baki in yi masa ba'a, na kasa. Ƙarshe dai akuyar Larai aka kai kasuwa, aka sayo takin gwamnatin nan a shagon surukin wani babba, wanda kwamfuta ba ta taɓa kuskuren sunansa ba.

Ni kuwa na lallaɓa na tambayi Zailani wace sana'a ce ke ƙasan ɗan kwangila a jerin. Ya duba, ya ce kuku, mai dafa abinci. Don haka in kun gan ni gobe a layi riƙe da ludayi, don Allah kada wanda ya nuna ya san ni.