Yadda Na Kwantar da Diski Na Rasa Zakarana

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar walimar dawowar surukata daga aikin Hajji ce, a gidanmu na Tanout. Maigidana ma'aikacin kula da dabbobi ne. Shi ya tattara hotuna da bidiyon da Hajiya ta zo da su daga Makka, ya zuba su a diski, wani ɗan baƙin akwati kamar sabulu da ke maƙale jikin tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta. Ramin da ake soka wayar diskin ya sukurkuce, da ƙyar ya lallaɓa ta kama, sannan ya naɗe wurin da roba.

Ana jibi walima aka tura shi rigakafin shanu can wajen Tarka. Yana ɗaure kaya a babur ya ce, "Maman Nana, kome zai faru kada ki cire wayar nan. In ta fita, gyaranta sai Damagaram."

Na ce, "Wallahi ba zan cire ba." (Ba wanda ya nemi in rantse. Bakina ne kawai.)

Ranar walima da hantsi na kunna na gwada, hotuna suka fito tas. Amma da na taɓa diskin sai na ji shi da zafi rau, yana wani gurnani kamar yaro mai zazzaɓi. Tausayi ya kama ni. Na tuna na taɓa ganin maigida ya danna wata ƴar alama a ƙasan allo, ya ce hutar da shi ya yi. Na lalubo ta na danna. Gurnani ya tsaya. Har fifita na yi masa da mafici, na lulluɓe shi da ɗankwali, na koma kan tukwane ina jin na yi aikin lada.

Bayan azahar tsakar gida ya cika. Gwaggo Mariama, yayar Hajiya, tun daga Belbeji ta taho da tawagarta a bayan mota. An ci an sha, an raba dabino da zamzam. Sai Rabi, ƙanwar maigida, ta tafa hannu ta ce, "Ku matso, madam ƴar kwalej za ta nuna mana Ka'aba!"

Na gyara zama, na yaye ɗankwali da yanga. Na duba allo, babu diski. Ga shi dai a gabana ina gani da idona, amma ordinatar ta ce ba ta san shi ba. Na danna nan, na danna can, gumi ya fara bin bayana.

Rabi ta ce, "Ke, cire ki mayar mana."

Na ce, "Na rantse ba zan cire ba."

Gwaggo ta ce, "To ki yi kaffara. Ciyar da mutum goma ne, ga mu nan mun fi goma."

Aka kwashe da dariya. Ni na san ko na yi kaffarar, ramin nan ba zai sake kamawa ba. Na kira maigida, kira bai shiga ba, babu rezo a inda yake. Ana cikin haka Hajiya, da ba ta ce uffan ba tun ɗazu, ta tambaya a hankali, "Ƴar nan, har da wanda aka ɗauke ni a Arfa ina yi wa marigayi mijina addu'a?"

Nan hawaye ya ɓalle mini. Na ɗaga hannu a gaban dangin miji kaf na ce, "Ya Allah, in hotunan nan suka dawo, jan zakarana sadaka ne!" (Zakaran da na raina tun yana ɗan tsako, wanda da safen nan na ɓoye shi a bayan rumbu don kada ya shiga tukunyar walima.)

Gwaggo ta ga kallo ya watse, ga salularta ba caji. Ta miƙa hannu bango ta zare abin da ta tarar, ta soka cajarta. Wayar wutar ordinatar ce ta zare, batirin ordinatar kuwa ya daɗe da mutuwa. Allo ya yi baƙi ƙirin. Salatin da na rafka sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Na mayar da wuta, na yi bisimilla na kunna. Can sai na ji gurnanin nan. Diski ya farka! Na buɗe, ga Hajiya a Arfa cikin farin mayafi, hannu sama. Guɗa ta kaure, Hajiya tana share ido tana murmushi.

Daidai nan zakaran ya ga dama ya yi cara daga bayan rumbu.

Rabi ta ce, "Ga shi can yana amsa kira."

Gwaggo ta ce, "Matafiyi ma ai yana cin sadaka." Kafin magariba har sun suɗe romonsa.

Da maigida ya dawo na ba shi labari, dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ba abin da ya ɓata, ke kika kwantar da shi. Kashe ordinatar a kunna kawai ya isa ya tashe shi." Ya kuma nuna mini inda ake shiga a kashe diskin a sake tayar da shi, waya na nan a inda take.

Yanzu na iya, har Rabi na koya wa. Amma in diski ya yi zafi, haƙuri kawai nake ba shi. Alkawari da Allah kuwa a zuci nake yin sa, musamman in Gwaggo na kusa.