Tumakin Aro a Turken Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi arziki na wuni guda, arzikin da har yau nake biyan kuɗinsa.

Ina aji na biyu a kwaleji a Maraɗi, cikin shekarun farin nan na saba'in, Baba ya rasu. Tumakinsa sun riga shi tafiya. Aka bar Inna a Madarunfa tana surfe a gidajen mutane, ni kuma kawuna da nake zaune wurinsa ya ce bakuna sun yi masa yawa, daga ƙarshen shekara in nemi wani wuri. Abu ɗaya ya rage: burs, tallafin da gwamnati ke ba ɗiyan talakawa, ci da kwana da tufafi. In na samu, in ci gaba da lakwal, wato makaranta. In ban samu ba, in tattara littattafaina.

Na rubuta takardar nema. Darakta ya ce ranar Alhamis za a aiko Mushe Idi, malaminmu na lissafi, ya ga gidanmu da idonsa.

To, a nan basirata ta motsa (ni ne fa na ɗaya a lissafi, ku riƙe wannan). Na zauna na yi tunani: gwamnati ba za ta zuba hatsinta cikin yagaggen buhu ba. In Mushe ya ga danga ta faɗi, rumbu wayam, zai ce wannan gida ba na mutanen kirki ba ne. Gaskiyar kuwa, kunya nake ji. Na sha cika baki a aji cewa mu masu hali ne.

Ran Laraba na iso gida na shiga aro. Alhaji Ɗan Ladi, mai fatauci zuwa Jibiya, ya ba ni rediyo da kujera. Ɗansa ya ba ni keke. Maƙwabciyarmu ta ba ni tumaki uku, na ɗaure a turken Baba. Har dusa na aro musu.

Inna tana kallo. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yawan yi mini magana kai tsaye. Sai ta dubi turken ta ce, "Wannan yaro, baƙon nan mu za ya gani, ko dukiyar mutane?"

Na ce, "Inna, ba ki san sha'anin boko ba."

Ta ce, "Haka ne, ban sani ba."

Mushe Idi ya iso da hantsi bisa ɗan babur ɗinsa, mobilet. Na zaunar da shi a kujera, na kunna rediyo har ƙarshe don kada ya wuce bai lura ba. Ya sha ruwa, ya yi wa Inna gaisuwar rashi, ya buɗe littafinsa.

"Tumakin nan na wane ne?"

Na ƙame kamar soja, na amsa da Faransanci, har da gyara murya: namu ne. Keke? Namu. Rediyo? Marigayi ya bari.

Ya juya wajen Inna. "Haka ne, Inna?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ba za ta yi ƙarya ba, ba za ta kuma ƙaryata ɗanta gaban baƙo ba. Mushe ya ɗauki shirun nan a matsayin i, ya rubuta. Da ya tafi, na ji kamar na ci jarrabawa. Kafin la'asar kowa ya zo ya ɗauki kayansa, wata tunkiya ta bar mana kashi a tsakar gida, shi kaɗai ne rabonmu.

Bayan wata guda aka liƙa sunaye. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama. Babu.

Ban san wa ya kai wa Inna labari ba. Kwana biyu bayan haka, muna tsakiyar darasi, sai ga ta a ƙofar aji, ƙura har gwiwa. Da ƙafa ta zo tun daga Madarunfa. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, don haka ta cire takalmi kamar za ta shiga masallaci, ta durƙusa gaban 'yan ajinmu duka.

"Mushe, na zo in hwaɗi gaskiya. Ba mu da komi. Ko kwanon da ka sha ruwa ciki, na aro ne. Yaro ne, kunya ta sa shi. Laihina ne da na yi shiru."

Na so a yi dariya, da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi. Mushe ya fita da ita waje, na ji yana cewa takardu sun riga sun tafi Yamai, wurin kuma an ba wani maraya daga Gabi, sai dai baɗi. Ni kuwa ban kai baɗin ba. Damina na faɗuwa na zama yaron mota a hanyar Jibiya, a kamiyon Alhajin da ya ara mini rediyo.

Inna ta rasu ba ta taɓa tada maganar ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Mutane na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Kada ku yarda. Nawa ya rufe ta ruf, har mai neman ya taimake ni ya duba bai ga komai ba.