Soron Malam Shu'aibu Ya Shiga Majigi

"Duk Kaduna gini biyu ne," in ji Malam Shu'aibu akawu, "Majalisa mai ƙubba, sai sorona. Ita ma Majalisar don ta riga ni ne."

Gaskiya, mai karatu, soron ya yi tsawo. A Unguwar Shanu da shi ake kwatance: in ka kai soron Shu'aibu, ka yi dama. Sai dai tsawon soron bai kai na bakin mai shi ba. Ɗan zuwa siliman da yake yi ya sa ya naɗa wa kansa Sarkin Kallo.

Ran nan masu ɗaukar majigi suka iso, wani Bature da tafintansa Audi, za su yi fim na gargaɗi kan gine-ginen da damina ke kayarwa. Suka fara ɗaukar ƙubbar Majalisa don mai kallo ya san Kaduna ce, sannan suka shiga neman kangon da za su ture. Gogan naka ya zuba babbar riga ya tare su.

"Kango? Wa ya san kango? In ana son gaban mai kallo ya faɗi, abin da kowa ya sani ake rushewa. Ga sorona."

Audi ya ce, "Malam, turewa fa za a yi da gaske, da igiya da ƙarti."

"Yaro, kai tafinta ne, ni masani. Da idona na ga an ragargaza hasumiyar Ingila mai agogo a silima. Mako na zagayowa na gan ta tsaye a wani fim, agogon ko latti bai yi ba. Zaren fim ɗin suke juyawa baya, gini ya tashi."

Bature ya tambaya ko da gaske ya yarda, ya sake tambaya, Shu'aibu sai bugun ƙirji. Matarsa Safara'u ta leƙo ta ce, "Malam, gadonka kaf fa ka zuba a ginin nan."

"Koma ciki, wannan sha'anin ilimi ne."

Aka ɗaura igiya, ƙarti suka ja, soro ya zube. Har tafi Sarkin Kallo ya yi. Watanni suka shuɗe, awakin unguwa na shiga gidan ba sallama, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, a jira a wanko fim.

Da aka wanko, aka kafa farin ƙyalle a filin unguwa bayan magariba. Ƙubba ta fito, aka tafa. Soro ya fito, Shu'aibu ya miƙe yana gyara hula. Sai mai bayani ya ce ta lasifika, "Jama'a, ga gidan wawa, wanda ya yi gini ba harsashi." Soro ya faɗi, fili ya ruɗe da dariya.

Shu'aibu ya daure, ya roƙi mai injin ya juya zaren baya. Aka juya. Ƙura ta tattaru, tubala suka hau juna, soro ya miƙe cif.

"Ku biyo ni ku gani!" Ya sheƙa gida, jama'a na biye.

Safara'u suka tarar zaune kan tsibin ƙasa tana korar akuya.

"Ya tashi a can, Malam? To ɗauki tabarmarka ka je ka shimfiɗa a ƙyallen."

Ni dai ya ba ni tausayi, amma burinsa ya cika, don ba a daina kwatance da shi ba. Baƙo na tambayar hanya za ka ji an ce, "In ka kai gidan wawa, ka yi dama."