Rasuwar Regiletan Benen Hajiya 'Yardada

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, ni Nazeer Abdulbaƙi, mai kula da intanet ɗin unguwarmu a nan Dala, nake sanar da gidaje goma sha tara da ke shan sabis daga benen Hajiya 'Yardada rasuwar abokin aikina, Regileta, wanda aka fi sani da Ɗan Akwati. Ya rasu ranar Laraba bayan azahar, yana da shekara huɗu da wata uku a bakin aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba. Abin da kuka sani shi ne farin faifan nan da ke kan ƙarfe a saman bene, rediyon da ke kamo mana intanet daga nesa. Rediyon nan wuta mai ƙarfin bolt ashirin da huɗu yake so, ya ɗan yi sama ko ya ɗan yi ƙasa. Batiran da ke ba shi wuta kuwa ba su san haka ba. Idan rana ta take, sola ta cika su, sai su haura kusan ashirin da tara, abin da zai ƙone rediyon kafin a kai ga cire waya. Marigayi shi ne ya tsaya a tsakani. Duk haukan da batir ya zo da shi, shi yake haɗiyewa, ya miƙa wa rediyo daidai abin da zai iya ɗauka.

Ba shi da yawan magana. Da hantsi ya kan ce "ƙyas," alamar ya karɓi aiki. Idan zafi ya yi zafi, 'yar fankarsa ta kan ce "fuuu," a hankali, kamar mai hura koko. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. An yaba wa faifai, an yaba wa sola, har ni an yaba mini, shi kuwa ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarsa.

Ya rasu ya bar rediyo ɗaya, batir biyu da suka fara manyanta, da faifan sola huɗu. Ya bar masu ɗinkin hula da ke tura wa 'yan Legas hotunan aikinsu, da tsofaffin da ke ganin fuskar 'ya'yansu na Makka da Yamai duk Juma'a. Sama da kowa, ya bar Halima, jikar Hajiya 'Yardada, wadda ta zo wankan gida da jaririyarta 'yar kwana goma sha biyu. Halima karatun ungozoma take yi ta intanet. Jarrabawarta ta ƙarshe jibi Asabar ce, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya, kyamara a kunne. Idan sabis ya yanke fiye da minti biyar, sai baɗi. Ba za ta iya fita da ɗanyen jego ba, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga waya sama yana neman sabis a lungunmu ya san datar waya ba za ta riƙe kyamara awa uku ba.

Game da jinyarsa, zan faɗi gaskiya ko da za a ji haushina.

Tun bara na rubuta wa kwamitin unguwa cewa marigayi yana buƙatar akwatin ƙarfe mai ƙofofin iska, a kafe shi a bango. Na rubuta sau uku. Shugaban kwamiti, Alhaji Gwadabe, ya ce da ni, "Malam Nazeer, ai yana aiki ko? To mene ne na tayar da hankali? Ku 'yan boko ba kwa ganin abu lafiya ku ƙyale shi." Wannan kalma ta "ai yana aiki" ita ce ta cinye mana famfon unguwa, ita ta cinye kwalbatin bakin masallaci. Ba ma duba abu sai ya mutu, sannan mu taru mu ce kwanansa ne ya ƙare.

Amma ba kwamiti ne kaɗai ba, kuma a nan ne alƙalamina yake yi mini nauyi.

Hajiya 'Yardada ta ba mu ɗakin benenta kyauta. Ita take share shi da kanta, duk da ciwon gwiwa. A gidanta ba a barin abu mai daraja a buɗe: talabijin da rigarsa, keken ɗinki da rigarsa. Da bazara ta shigo, na hau bene na tarar ta ɗinka wa marigayi riga ta karan-miski, kore shar, da leshi a gefe, ta rufe shi ruf har ƙofar fankarsa.

Na ce, "Hajiya, wannan kuwa..."

Ta ce, "Ya yi kyau ko, ɗan nan? Da hannuna na ɗinka, ba tabarau. Abin da yake yi wa unguwa hidima haka, ai ba a bar shi tsirara ba."

Ni da na tsaya gaban dattawa goma ina buga tebur, ni da ake ce wa ba ni da kunya, sai na ji bakina ya ce, "Ya yi kyau, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Da ta sauka na cire rigar na ninke. Da ta hau shara ta mayar. Haka muka yi ta yi mako shida, ina cirewa tana mayarwa, kowa yana ganin girmama ɗan'uwansa yake yi. Jimla ɗaya ce za ta cece shi, na kasa furta ta.

Ranar Laraba ina wajen aiki. Halima ce ta ji shi daga tsakar gida. Ta ce ya yi "tit, tit, tit," sau uku, fankar ta ja wani dogon numfashi, shi ke nan. Da na zo na taɓa shi, sai da na janye hannu. Na buɗe cikinsa na ga abin da ya sa ni hawaye: da ya ji zai tafi, bai saki wutar ta wuce kan rediyo ba. Ya ƙone a rufe. Rediyo lafiyarsa ƙalau.

Hajiya ba ta ci abinci ba ranar. Ta ce da ni, "Da ka gaya mini, Nazeer. Ni ba a gaya mini gaskiya ne don na tsufa?" Kada wanda ya je mata da maganar nan. Laifin ba nata ba ne.

Na zaga kasuwa yau ban sami irinsa ba. Wanda na yi oda sai Talata zai iso. Ɗayyabu mai gyaran fanka ya ce a haɗa rediyon da batir kai tsaye, "ai ba abin da zai faru." Ɗayyabu, ina ganin girmanka, amma na sa kwaɗo a ɗakin, makullin yana aljihuna.

Ga yadda jana'iza za ta kasance.

Ba za a ɗauke marigayi daga inda yake ba sai bayan ƙarfe ɗaya na ranar Asabar. Da safiyar ranar zan cire sola daga jikin batir, in jira ƙarfin wutar ya sauko inda rediyo zai iya ɗauka, sannan in haɗa rediyon da batir kai tsaye. Zan zauna a ɗakin da mita a hannu, idona a kan lamba, in yi awa uku ina aikin da ya yi shekara huɗu yana yi ba tare da kujera ba. Ban sani ba ko batiran za su kai. Bayan nan za a sauko da shi, a cire abin da zai amfani magajinsa, sauran a miƙa wa 'yan gwangwan a ƙofar gidan Hajiya.

Ba a buƙatar zaman makoki, ba a buƙatar abinci. Ta'aziyya ɗaya ake karɓa. Ƙarfe goma na safiyar Asabar za ku ga sabis ya dawo a wayoyinku. Kada ku taɓa shi. Ba bidiyo, ba saƙon murya, ba "minti ɗaya kawai zan duba." Duk wayar da ta hau, ƙarfin sabis ɗin Halima take ragewa. Ina iya canja lambar sirri in huta, amma ba zan canja ba. Gidaje goma sha tara ne mu, awa uku ake nema.

Halima, ki zauna gaban kwamfutarki tun goma saura kwata. Hajiya za ta riƙe jaririya. Ina sama.